Baba Kupe Da Saƙon Da Bai Isar Ba

Shafi na 23

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", ku yi haƙuri, wutar unguwarmu ce ta yi yaji kwana biyu. Ke da kika ce in ban turo yau ba za ki biyo ni har gida, zauna abinki, ga shi. Wanda yanzu ya shigo ma kada ya damu, zai gane komai.

*

Tun da saƙon ya iso da hantsi, Malam Zaharaddin bai kai komai bakinsa ba.

Saƙon ma ba wani dogo ba ne. Wansa Lukmanu ne ya aiko, wanda rabon su zauna inuwa ɗaya shekara talatin da ɗaya ke nan, tun rasuwar mahaifinsu. Ya ce jibi Alhamis jirgin alhazai zai tashi da shi, yana son ganinsa yau bayan la'asar.

Matarsa Hassana ta leƙo ɗakin karo na uku.

"Malam, kunun nan ya huce har ya yi fata."

"Bar shi."

"Mutumin da ya shekara talatin da biyar yana tsayuwa gaban kyamara, yau kiran ɗan'uwansa ya hana shi shan kunu."

"Gaban kyamara maganar wani nake yi, Hassana."

"To ka je ka yi taka. Mai tafiya Makka gafara yake nema, ba faɗa ba."

"Ni ya kamata in nema."

"Kai ka nema? Mutumin da ya raba ka da gidanku?"

Shekara ashirin da tara suna tare, ta san ciwon gwiwarsa, ta san ƙaryar da yake yi wa likita a kan sukari, amma akwai abu ɗaya da bai taɓa gaya mata ba. Abin ne ya hana shi sakat tun safe, kuma ya rantse yau sai ya fito da shi gaban Lukmanu, ko da ƙarshen zumuncin ke nan.

Ya jawo akwatin ƙarfensa ya fara neman abin sawa.

Duk wanda ke garin Garwa ya san kayan akwatin nan a jikin mai shi. A ciki kakin mai gadi yake, da jar hular boka, da rigar direba mai aljihu huɗu. Zaharaddin ya yi mahauci, ya yi mai gadi har ya gaji da buɗe ƙofa, ya yi boka sau bakwai, ya yi kawu mai cinye gadon marayu. An kashe shi a fim sau goma sha huɗu, Hassana ce ke ƙirgawa: biyu da guba, ɗaya dorina ce ta kife masa kwalekwale a Binuwai. Sunansa bai taɓa zuwa na farko a ƙarshen fim ba. Sai an gama jarumi da jaruma, an gama iyayensu, sannan ka gan shi can ƙasa, lokacin masu kallo sun tashi neman takalmansu. Amma jaruman nan masu tabarau, yau wa ya tuna su? Shi kuwa ko kasuwa ya shiga sayen albasa sai an tare shi.

Ya ɗaga wata babbar riga mai ruwan toka.

"Ba wannan ba," in ji Hassana.

"Me ta yi?"

"Ta kawu mai cin gado ce. Da ita za ka shiga gidan gado?"

Ya mayar da ita da sauri. Ƙarshe farar shadda ya sa, wadda yake zuwa masallacin Juma'a da ita, wadda ba ta taɓa shiga fim ba.

*

Mai moto, wato ɗan acaɓa, da ya tare a bakin titin Yelwa babban mutum ne, har da furfura a gemu. Ya dube shi sau ɗaya, ya sake duba, ya washe baki.

"Jam na, Baba Kupe?" ya gaishe shi da Fulatanci.

"Jam. Unguwar Jambutu za ka kai ni."

"Ko garin Ngaundare ka ce zan kai ka. Hau."

Rana ta yi sanyi kaɗan, amma zafin Garwa ba ya jin an yi la'asar. Suka wuce tsohon gidan sinima, wanda yanzu buhunan shinkafa ke kwana a cikinsa. Zaharaddin ya bi ƙofar da kallo. A nan ya fara ganin fuskarsa ta fi ƙofar gida girma, har ya sunkuyar da kai don kunya, 'yan kallo na ta fito suna buga benci. A wancan zamani unguwa guda talabijin ɗaya gare ta. Mai ita ya fito da ita ƙofar gida, ya ɗora kan tebur, ya haɗa da batirin mota, mata a gefe, maza a gefe, mai gyaɗa tana zagayawa. In aka ce yau akwai Teburin Bobbo, sunan da mutanen gari suka raɗa wa shirin da yake fitowa a ciki, har masu shayi sai sun rufe. Yanzu kowa da nasa a tafin hannu, yana dariya shi kaɗai.

"Baba, don Allah ba ni labarin nan daga bakinka," in ji mai moto. "Na ji shi a rediyo, amma ina so in ce wa iyalina kai ka gaya min."

Ya ba da labarin nan ya fi sau dubu, har bakinsa ya san hanya ba sai ya yi tunani ba.

"Ina da shekara ashirin da biyar, ina teburin mahaifina a kasuwa, sai ga masu fim daga Yawunde suna neman wanda zai tsaya a bayan jarumi yana sayar da nama. Daraktansu sunansa Mushe Christian."

"Mushe," mai moto ya fara dariya tun kafin a kai wurin.

"Haka Faransanci ke girmama namiji. Mahaifina da ya ji sai ya ce, mutanen da ke kiran babbansu mushe, ina ruwan ɗan mahauci da su? To aka tsayar da ni, cinyar sa a kan kututture, gatari a hannuna. Jarumi ya yi maganarsa ya gama. Sai darakta ya ɗaga murya ya ce, kupe. Shi nufinsa a tsayar da ɗauka. Ni kuwa abin da na sani, in madam ta zo sayen nama ta ce kupe, sara take nufi. Sai na ɗaga gatari na sauke."

"Ƙashin ya tashi."

"Ya tashi ya faɗa cikin kofin Mushe. Kasuwa ta ɗauki dariya. Shi ma ya yi ta dariya har ya zauna a ƙasa. Ya ce wannan ba zai tsaya a baya ba, a rubuta masa magana. Daga nan na zama Bobbo mahauci, kowa ya ce kupe, ni sai sara."

"Allah mai iko. Rashin sani ya zama arziki."

"Haka ne," in ji Zaharaddin.

Ba haka ba ne. Ya yi makaranta har aji shida, ya san kupe ta darakta, ya san kupe ta madam. Kuma ba shi masu fim suka zaɓa ba.

Lukmanu suka zaɓa. Lukmanu ne mai bakin. Shi ne wanda in yana bakin tebur yake kwaikwayon tsohuwa mai neman gyara, da ɗan sandan jandarma mai neman na banza, har masu kifi su baro kifinsu su zo kallo. Matar da ke rubuta sunaye, Madam Béatrice, sunansa ta rubuta, ta ce ya zo jibi da yamma. Kwana biyu Lukmanu bai bar kowa ya huta a gida ba. Ya je ya tsaya ya kalli yadda suke aiki, ya dawo ya ja ƙanensa bayan ɗaki ya ce, Dini, na gano yadda zan sa su tuna da ni. In ya ce kupe, zan yi kamar ban gane ba, in sare ƙashin.

Ana gobe za a yi, Lukmanu na can wajen fiɗa, Madam Béatrice ta biyo ta tebur. Ta ce wa Zaharaddin ya gaya wa wansa an sauya lokaci, gobe ƙarfe bakwai na safe ne, kada ya makara.

Ya karɓi saƙon. Da Lukmanu ya dawo sai ya ce masa sun ɗaga, sai mako mai zuwa. Da asuba Lukmanu ya tafi kara sayo wa mahaifinsu sa. Ƙarfe bakwai Zaharaddin ya tsaya a bayan tebur da rigar fawar wansa. Suna kama, ba wanda ya tambaya.

Bayan shekara huɗu yana Yawunde, aka kira shi ofishin gidan talabijin, wai ana nemansa a waya daga Garwa. Muryar Lukmanu ce. Ya ce Baba na kwance, kuma tsohon ya ce a gaya maka kada ka zo, kada ƙafarka ta taka masa gida, yana raye ko ya mutu. Bai zo ba. Sai bayan sadakar bakwai ya iso, ya tsaya a bakin layi kamar baƙo, ya yi addu'a ya juya. Bai taɓa jin haushin tsohon ba. Ya sani Lukmanu ya gaya wa Baba abin da aka yi masa, kuma Baba mutum ne da ba ya ƙaunar maci amana.

"Mun iso, Baba," in ji mai moto. "Ka bar kuɗinka, na sha labari."

*

Gidan na nan yadda ya bar shi, sai dai an yi wa bango siminti, darbejiyar ƙofar gida kuma ta ninka. Zaure cike yake da 'yan sallama, yawancinsu mahauta ne da dillalan shanu, kowa na ba da saƙon addu'arsa. Da ya yi sallama sai zauren ya yi tsit. Wani ya fara cewa "Baba Ku…" na kusa da shi ya taɓa shi, ya haɗiye sauran.

Lukmanu na zaune kan buzu, ya jingina da bango. Ya yi ƙiba, gemun ya yi fari tas. Zaharaddin ya tsaya yana kallonsa, don fuskar Baba ce zaune a wurin, ba a rage komai ba.

"Jama'a, useko, na gode," in ji Lukmanu. "Ku ba ni wuri da ɗan'uwana."

Suka fita ɗaya bayan ɗaya, kowa na satar kallo.

Zaharaddin ya cire takalmi, ya durƙusa a bakin tabarma.

"Yaya, ina wuni."

"Lafiya. Matso, ba na ji da kunnen nan."

Ya matso.

"Ya iyali?"

"Lafiya lau. Suna gaishe ka. Allah ya kai ku lafiya, ya karɓi ibada."

"Amin. Ka rame."

"Sukari ne."

"Na Baba ne ka ɗauko."

A cikin gida ana daka, wata na faɗa a kan jakar da ba ta rufuwa. Lukmanu ya tura masa kwanon ruwa. Zaharaddin ya ɗauka ya kurɓa.

"Na kira ka ne…" Lukmanu ya fara.

"Yaya, don Allah bari in riga ka. In ban faɗa yanzu ba, ba zan iya ba."

Lukmanu ya dube shi, ya gyaɗa kai.

"Ranar da masu fim suka zo. Ba su ɗaga ba. Madam Béatrice ta ba ni saƙo in gaya maka an mayar ƙarfe bakwai na safe. Na riƙe. Na yi maka ƙarya, na bar ka ka tafi kara, na sa rigarka na tsaya a wurinka."

"Uhm."

"Saran ma ba nawa ba ne. Naka ne. Kai ka tsara shi a bayan ɗakin can. Sunan da ake kirana da shi, gidan da na gina, matar da na aura ma a wajen ɗaukar fim ta fara ganina. Duk a kan abinka na hau. Shekara talatin da biyar ina gaya wa duniya rashin sani ne. Yau ma na faɗa wa mai moto."

Muryarsa ta karye. Ya yi kuka a fim ya fi a ƙirga, da albasa a aljihu. Wannan bai nemi albasa ba.

Lukmanu ya gyara zama.

"Ka gama?"

"Na gama."

"Ka sare shi ba daidai ba."

Zaharaddin ya ɗago.

"Na ce maka a ƙwauri, inda ƙashin zai tashi sama ya dawo. Kai ka je ka sara kusa da gaɓa. Sa'a ka ci ya faɗa kofin mutumin. Da idonsa ya samu, da a kurkuku ka yi fim ɗinka."

"Yaya… wa ya gaya maka inda na sara?"

"Ina wurin."

"Kana kara."

"Na samu sa da wuri. Wani Bafulatani ne mai sauri, bai ja ciniki ba. Na biyo ta kasuwa in nuna wa Baba, igiya na hannuna, sai na ga an yi dafifi a teburinmu. Na leƙa ta kafaɗar mutane. Na ga rigata."

Zaharaddin ya rufe fuska da hannu biyu.

"Da suka yi dariya, har san ya firgita ya kusa kayar da ni. Ka san abin da ya fi ci min rai? Ni ma na yi dariyar. Ta kufce min."

"Me ya sa ba ka fito ba? Da ka yi magana, sunanka ne a takardar."

"In fito in ce me? In tsaya gaban baƙi daga Yawunde in ce ƙanena ɓarawo ne? A kasuwar da Baba ke cin abinci?" Ya girgiza kai. "Na ja sa na kai kwata. Ban sake kwaikwayon kowa a bakin tebur ba."

Wannan ce ta fi yi wa Zaharaddin ciwo. Ya tuna kasuwar da safe, ƙudaje da hayaƙin masu soya, Baba na wasa wuƙa yana yi kamar ba ya ji, Lukmanu kuwa ya ɗaura tsumma a ka ya tanƙware baya ya zama tsohuwa. Shi Zaharaddin ne ya kashe wannan.

"Iya mai gyara," ya ce a hankali. "Na sha gwada ta a fim. Ba ta taɓa fito min ba."

"Ta ina za ta fito maka? Kai da hanci kake yin ta. Ba a hanci take ba."

Lukmanu ya yi ɗan tari. Ya karkata wuya, ya lanƙwashe yatsun hannunsa, ya runtse ido ɗaya. Sai ga wata siririyar murya ta fito daga cikin farin gemun nan:

"Ɗan nan, wannan gyara ce ko ƙuda ne ya mutu a kan naman? Ƙara min, ba ni da haƙori, kitse nake so."

Dariya ta ƙwace wa Zaharaddin, da hawaye da majina duka. Lukmanu ma kafaɗarsa na girgiza. Dakan cikin gida ya tsaya, don matan gidan ba su taɓa jin wannan muryar ba. Na ɗan lokaci kamar ba a yi shekarun nan ba, kamar yanzu Baba zai leƙo ya ce su tashi rana ta yi.

"Ka fi ni, Yaya. Wallahi har gobe ka fi ni."

"Na sani. Amma kai ma ba laifi. Mai gadin nan da ka yi, wanda ke barci a tsaye, ya yi. Bokan ne ban so ba, ka cika zare ido. Kuma mai shan guba ba haka yake faɗuwa ba."

"Kana kallo?"

"Wanne ne ban kalla ba? Har na dorinar."

Zaharaddin ya share fuska da hannun riga. Ya gyara durƙuso, ya sunkuyar da kai.

"Yaya, za ka ɗakin Allah. Kada ka tafi da ni a zuciyarka. Ka yafe min."

"Na yafe maka."

"Har zuciya?"

"Har zuciya. Na daɗe da yafewa, girman kai ne ya hana ni aikowa. Tashi ka zauna sosai, gwiwarka ba ta da lafiya."

Ya zauna. Ya ji jikinsa sakayau, irin yadda mai ɗaukar cinyar sa daga kwata ke ji in ya sauke. Har ya ji yunwa. Ya tuna kunun Hassana.

"Saura abu ɗaya," ya ce. "In ka tsaya a Arfa, ka roƙa min Allah ya sa Baba ya huce. Ban ga laifinsa ba. Duk uban da aka gaya wa abin da na yi, haka zai yi."

Lukmanu bai ce amin ba.

Ya ɗauki carbinsa, ya ajiye. Ya dubi ƙofar cikin gida, ya dubi tabarma.

"Ban taɓa gaya wa Baba ba."

"Na'am?"

"Maganar saƙon. Har ya koma ga Allah bai sani ba."

"To fim ɗin ne ya ƙi? Don na bar fawa?"

"Baba?" Lukmanu ya yi wata dariya marar daɗi. "Duk ranar Teburin Bobbo, sai ya ce zai je gidan Goni maƙwabcinmu duba wata akuya. Akuyar da ba ta warkewa. Ya zauna can baya, ya ja rawani ya rufe baki don kada a ga yana dariya. In ka yi saran nan, sai ya taɓa na kusa da shi ya ce, ka ga riƙon gatarin? Ni na koya masa."

Lukmanu ya taɓa buzun da yake zaune a kai.

"A kasuwa ya yi ta zagin mushe da mutanensa, a gida kuwa ya yanko hotonka daga jarida ya sa a ƙarƙashin buzun nan. Ni ina kwata tun asuba, jini har gwiwar hannu, in dawo in tarar ana labarin Dini. Dini ya shiga jirgin ƙasa. Dini ya gaisa da manya. Da abina."

"Yaya, to me ya sa ya ce kada in zo?"

Lukmanu ya kau da kai.

"Yaya."

"Ka ce in bari ka riga ni, na bari. Ba don in ji naka na kira ka ba. Naka na san shi tun ranar. Malamin da ke yi mana bita ya ce kada wanda ya hau jirgi da haƙƙin wani a wuyansa. Tun ranar ban yi barcin kirki ba."

"Wane haƙƙi?"

Lukmanu ya ɗago. Idanunsa sun yi ja.

"Baba bai ce kada ka zo ba."

Zaharaddin ya ji maganar, amma kamar da wani yare aka yi ta.

"Ranar da ya kwanta, ya kama hannuna ya ce, je gidan waya ka kira min Dini, ka ce ya bar duk abin da yake yi ya taho. Ya ba ni kuɗin wayar daga aljihunsa. Na tafi da niyyar faɗa maka, Allah ne shaida. Sai da na ji an ce a jira, ana kiran Mushe Zaharaddin daga wajen ɗauka. Na tsaya riƙe da kan waya, ina jin ana dariya a can bayanka. Da ka ce alo, sai na ji bakina na faɗin wani abu dabam."

"A'a."

"Na dawo gida ya ce, yana hanya? Na ce masa ka ce aiki ya riƙe ka, ba za ka bar fim saboda ciwon tsufa ba."

"A'a, Yaya."

"Bai yarda ba. Ya ce Dini zai zo. Ya sa aka juya masa shimfiɗa ta fuskanci ƙofa. Kwana uku, duk wanda ya yi sallama sai ya ɗaga kai. A na huɗu ya daina ɗagawa."

A waje wani dillali na dariya da ƙarfi a kan wani abu. Aka ci gaba da daka a cikin gida.

Lukmanu ya dafa bango ya sauko daga kan buzun da ƙyar. Mutum mai shekara sittin da uku, mai jikoki, ya durƙusa a gaban ƙanensa a kan tabarma, ya miƙo hannun dama.

"Jibi zan tashi, Dini. Ka yafe min."

Hannun na nan a miƙe.

Zaharaddin ya dube shi. Bai ɗaga nasa ba.